Murfin Biron Monita

'Yan matan da ke karanta littattafan Mama sun rantse ba wanda ya kai ta sanin zuciyar yarinya. 'Yarta Auta kaɗai ta san inda sanin yake fitowa. In suna wanke-wanke a kicin, Mama ta iya jan ta da hira, tana dariya tana zungurin ta da gwiwar hannu, har sai Auta ta saki baki. Kafin shekara ta zagayo zancen ya fito a littafi, suna kawai aka canza. Ƙurajen fuskarta sun ci littafi guda, faɗuwarta jarrabawa ta ci wani.

Littafi na shida ya fi ciwo. A ciki akwai yarinyar da ta tsinci murfin biron da monitan ajinsu ya tattaune, take kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Da Auta ta ji an gayyaci Mama makarantarsu ta karanta wa ɗalibai, har ƙasa ta durƙusa tana roƙon kada a taɓa wannan babin. Mama ta yi alkawari, kuma a gaskiya ta cika. Babin farko ta karanta, wanda ba komai a cikinsa sai ruwan sama. Hankalin Auta ya fara kwanciya.

Sai aka zo tambayoyi. Wata mai rawar kai a layin gaba, wadda tuni ta cinye littafin, ta tambaya ko da gaske akwai yarinyar murfin biro. Ita kuwa Mama ba ta iya ganin taro ta hana shi abin da yake so ba.

"Ai ga ta can. Auta, tashi mana su gan ki."

Auta ta miƙe, don ba ta saba ƙin maganar uwa ba. Zauren ya kaure da dariya, har da malamai. Monita ya zare biro daga bakinsa, ya dube shi, ya tura aljihu a hankali.

A bayan laburare Mama ta same ta tana kuka. Ta rungume ta, ta share mata hawaye da hankici, har Auta ta kwantar da kai a ƙirjinta tana jiran a ba ta haƙuri.

"Ya isa, 'yar lelena," in ji Mama. "Gaya mini tun bai huce ba. Da suka fashe da dariyar nan, ina kika fara jin abin, a ciki ko a maƙogwaro?"