Hausar Zeinabu Ta Tafi

Shekara arba'in da uku ina Yamai, ban iya Zabarmanci ba. Kunya ce, na sani, ba sai an gaya mini ba. Daga Maraɗi na zo ina tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, kuma kowa a tasha da kasuwa yana jin Hausa, to wahalar me zan sha? Matata Zeinabu, Bazabarma 'yar unguwar Gamkalley, ita ta karya harshenta saboda ni. Da Hausa muka yi soyayya, da ita muka yi faɗa, har muka tsufa.

Kullum tana garka bakin kogi, tana ban ruwan ganyen salati, tana ciniki da mata, bakinta ba ya hutawa. Da hawan jini ya kama ta, ɗanmu Bashir ya gina mana gida a unguwar Banifandou, ya ce Inna ta huta. Ni ma na goya masa baya, wai ni mai tausayi. Muka zaunar da ita cikin katanga huɗu, ba garka, ba ƙawaye, ga kunne ya fara nauyi.

Shekara uku, ta fara neman sunan cokali. Sannu a hankali Hausar ta zube, sai harshen da ta sha a nono ya rage. Lokotoro a asibiti ya ce haka ciwon mantuwa yake yi, abin da aka koya daga baya shi ke fara tafiya. Ya ce, "Baba, ka riƙa hira da ita, zaman shiru yana ƙara shi." Hira da me, don Allah? Gaisuwa kaɗai na iya.

Bashir yana aiki Agadez. Mu biyu ne a gidan, kuma wallahi kaɗaici yana cina. Ta yi ta magana, ni in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ranar Talata da hantsi ina ba ta kunu, sai ta kama hannuna. Ta dube ni irin kallon da, na wadda ta san ni sarai. Ta ce, "Hamidu." Wata biyar ban ji sunana a bakinta ba. Ta yi wata tambaya doguwa da Zabarmanci, idonta cike da hawaye, ta tsaya tana jiran amsa.

Na ce, "Tsaya, uwar Bashir, kar ki motsa!"

Na fita ba takalmi, na buga ƙofar maƙwabciyarmu Ramlatu mai jin Zabarmanci, ina maimaita kalmomin a baki don kar su faɗi. Kafin ta buɗe sun dagule. Ko minti biyar ba mu yi ba muka dawo.

Ramlatu ta durƙusa ta yi mata magana a hankali. Zeinabu ta amsa a gajarce, tana kallon kofin kunu.

Na ce, "Me ta ce?"

"Baba, ta ce ba ta tambayi kowa komai ba."