Maganin Kububuwa Yana Hayin Tabki

Da hantsi kububuwa ta sari Hafsatu a ƙafar dama, tana duƙe tana cire ciyawa a gindin hatsi, a gonarsu ta bayan Garin Toro. Mijinta Danda yana can gaba da hauya ya ji ta yi salati. Ya juyo, ya ga macijiyar tana sulalewa cikin yaɗon wake. Bai tsaya bin ta ba, ya goya matar a baya har ɗakin likita na garin.

Majo Rakiya, ma'aikaciyar jinya, ita kaɗai ke aiki a wurin. Ta ɗebi jinin Hafsatu a ƴar kwalba ta ajiye a kan tebur. Bayan minti ashirin ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwa.

"Baba Danda, jininta bai daskare ba," in ji ta. "Dafin ya shiga jiki. Allurar da ke kashe shi ba ni da ko guda, sai babban ɗakin likita na Tasawa."

"To ki kira su mana, ɗiyata."

"Tun ruwan jiya babu rezon waya. Ko an kira ma, mota ba ta iya shigowa. Tabki ya cinye hanya."

Danda ya san haka. Babban tabkin da aka yi wa madatsa don noman rani ya cika ya batse, ya malale a kan hanyar da ke fita zuwa gudurun, babbar hanyar kwalta. Tun da safe masu moto, ƴan babur, suka je bakinsa suka dawo. Amalanke kuma sai ta kewaya ta arewa, ba ta isa Tasawa sai gobe.

Hafsatu ta tofar da yawu, ya fito ja. Danda ya ga haka, bai ƙara tambaya ba.

"Rubuta mini takarda," ya ce.

Shekarunsa hamsin da huɗu. Da ƙuruciya ya yi tseren keke a Maraɗi, har ya taɓa zuwa na uku, yanzu gyaran kekuna yake yi a ƙarƙashin itacen bedi a bakin kasuwa. Keken tseren yana rataye a zaure, mai siraran taya kamar yatsa. Ya sauko da shi, ya ba shi iska, ya naɗe takardar majo a leda ya tura cikin hula. Da ya koma, majo ta ɗaura masa ƴar gilasiya ta sanyaya magani a baya da zane.

"In sun ba ka, kada ta yi zafi, kada ruwa ya shige ta," ta ce.

Ya leƙa ɗakin. Hafsatu ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam, ba ka ci komai ba."

"Na ci a hanya. Ki yi ta addu'a."

Kilomita uku na farko rairayi ne, taya tana nutsewa, yana hawa yana sauka yana turawa. Da ya hau tudu na ƙarshe sai ga tabkin a gabansa, ja wur, ba a hango ƙarshensa, kawunan gawo da ƙalgo kawai ke leƙe a tsakiya. Ya ɗaga keken bisa kai ya shiga. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai cibiya, ya tsaya a ƙirji. Yana taka hanya da tafin ƙafa, in ya ji laka ya san ya kauce, ya koma inda tsakuwa take. Ya fita a hayi yana haki.

Daga nan jar hanya ce mai hawa da gangara. Korama ta yanke ta wuri biyu, ya tsallake da keken a kafaɗa. Hatsi ya yi kore shar hagu da dama, mutane suna ta aiki a gonaki, wasu suna ɗaga masa hannu, bai amsa wa kowa ba. A kowane hawa cinyoyinsa na ci da wuta, a kowace gangara sai ya kwantar da ƙirji a kan ƙahon keke ya saki birki. Ya riƙa ƙirga tuddan don kada ya tuna jan yawun nan.

A tudu na bakwai tayar baya ta sace. Ƙaya ce ta aduwa. Ya laluba aljihu, ya tarar ledar faci ta buɗe a cikin tabki, komai ya jiƙe, gam ba ya kamawa. Ya gwada sau biyu, facin ya ɓalle. Danda ya zauna a ƙasa ya kama kai. Babu gari kusa, rana ta take tsaka. Ya tashi ya zare roba daga cikin tayar, ya shiga cizgar ciyawa da hannu biyu yana cusawa, yana dannawa da babban yatsa har farcensa ya tsage. Da tayar ta cika ya mayar da ita ya hau. Keken yana tsalle yana girgiza masa haƙora, amma yana tafiya.

Da ya taka gudurun ya tashi tsaye a kan feda. Manyan motoci suna wuce shi suna watsa masa ruwan kwatami. Ya shiga Tasawa ana kiran azahar, ya jefar da keken a ƙofar likita, ya shiga da laka har wuya. Ya miƙa takarda. Mai ba da magani ya karanta, ya dube shi.

"Daga Garin Toro? Ta ina ka biyo?"

"Ta cikin ruwa. Don Allah ka yi sauri."

Aka sa kwalba biyu a gilasiya, aka zuba ƙanƙara, aka ba shi ruwa ya sha a tsaye. Wani dattijo mai kabu-kabu, Hamani, da ya kawo mara lafiya ya ji labarin, ya ce, "Hau, malam. Ɗora keken a cinya, in kai ka iyakar inda moto ke zuwa." Ya kai shi har korama ta farko. Nan Danda ya sauka ya ci gaba a kan tayar ciyawa, wadda ta riga ta lotse, ƙarfe yana cin tsakuwa.

Da la'asar ya iso bakin tabkin, ya tarar ruwa ya ƙaru. Ƙalgon da ya gani da safe ya nutse. Ya ɗora gilasiyar a ka ya dafe da hannun hagu, ya rataya keken a kafaɗar dama, ya yi bisimilla ya shiga. A tsakiya ruwan ya kai haɓa. Igiyar ruwa ta kama tayoyin tana jan sa gefe, ƙafarsa ta bar tsakuwa ta faɗa laka. Ya sha ruwa, ya taso, ya sake sha. Gilasiyar ta karkata. Ya zare kafaɗarsa ya saki keken, ya kama gilasiyar da hannu biyu. Da babban yatsan ƙafa ya lalubo hanya, ya bi ta taki ɗaya-ɗaya har ya fita.

Sauran kilomita ukun da gudu ya yi su, babu takalmi, yana faɗuwa yana tashi. Mata sun cika ƙofar ɗakin likita, sun yi jugum. Da ya gan su ya zube a ƙasa.

"Tana da rai?" ya ce.

Majo Rakiya ta fito ta fizge gilasiyar. "Tana da rai, Baba. Ku ba ni hanya."

Ya bi ta da rarrafe. Hafsatu tana kwance, ƙafar ta kumbura har cinya, ƙwaryar da ke gefenta duk jini, ba ta gane kowa. Majo ta zuba maganin a ledar ƙarin ruwa, ta ɗaura. Danda ya jingina da bango yana kallon ɗigon yana sauka. Da ya so tashi ya rama salla, ƙafafunsa suka ƙi, a zaune ya yi ta.

Washegari da safe majo ta sake ɗibar jini. Ta jira, ta karkata kwalbar, jinin ya daskare, bai motsa ba. Ta nuna wa Danda, ya rufe fuska da hula ya daɗe haka.

Kwana biyar kafin ruwa ya janye mota ta shigo. A Tasawa aka yanke wa Hafsatu yatsun ƙafa biyu da suka yi baƙi. Ta yi wata guda a can, Danda yana kwana a tabarma a gefen gadonta, yana dama mata fura. Ana yankan hatsi suka dawo gida, tana dogara sanda.