Mai Awon Ranar Alhamis

Abdulmumini yana da shekara arba'in da huɗu ranar da ya sauka a tashar Rogo da jakar makaranta a baya. Ɗan acaɓan da ya ɗauke shi ya tambaye shi ko yaronsa ya rako. Ya ce a'a, shi ne yaron.

Shekara goma sha tara ya yi yana awon yadi a wata masaƙa a Kano, har ranar da aka tara su aka ce kowa ya je gida ya huta, za a neme su. Har yau ana kan neman. Matarsa Ikilima ce ta matsa masa ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ko a dace da aikin gwamnati kafin gwiwa ta ƙi. Ya zauna aji ɗaya da sa'annin 'yarsa ta fari, ya haddace sunayen ƙasusuwa a daidai lokacin da nasa suka fara ƙara. Yanzu abu ɗaya ya rage: sati goma sha biyu na koyon aiki a wani ƙaramin asibiti a gefen garin, sannan sa hannun shugabar wurin da hatiminta a shafin ƙarshe na littafin aikinsa. In babu wannan, sai maimaita shekara. Mai furfura a gemu kuwa ba shi da shekarar kyauta.

An sama masa ɗakin zaure a gidan Inna Maiturare, wata dattijuwa da duk turaren gidanta bai wuce ƙanshin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba. Satin farko ya sha kunya. Ya saki guga a rijiya. Ya nemi ruwan leda mai sanyi a shagon da ba shi da firji. Ya gano cewa wayarsa ba ta kama Kano sai ya hau tudun bayan firamare, inda duk mai wucewa zai ji shi yana ce wa Ikilima lafiya lau, wallahi lafiya lau. Gaisuwa ma sai da aka sake koya masa.

"Malam Mumini," in ji Inna, "a birni haka kuke yi, ina kwana ɗaya ka wuce kamar mai gudun kare? Dawo. Ka tambaye ni gajiya, ka tambayi ruwa, ka tambayi shuka. Ƙafata da ka ga ina ja jiya, ita ba ta isa tambaya ba?"

Ya dawo ya durƙusa ya yi daga farko. Daga ranar ta raɗa masa suna Ɗan Makarantata, kuma kullum da magariba sai kwanon tuwo ya iso zaure.

Shugabar asibitin, Sista Sadiƙa, 'yar garin ce, ba ta kai talatin ba. Ranar farko ta karɓi littafin aikinsa ta jefa a durowa ta kulle.

"Baba, ka yi haƙuri, a nan babu babba babu yaro. Ɗalibi ɗalibi ne."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya wanke almakashi. A sati na uku ta ji labarin masaƙa, sai fuskarta ta washe.

"Ashe gwanin awo Allah ya kawo mana. To daga yau Alhamis taka ce."

Alhamis ranar tamowa ce. Tun da sassafe mata suke cika rumfar asibitin da yaran da suka rame, don damina ta yi nisa, rumbuna sun ga ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Abin da ake rabawa wani ƙullin gyaɗa ne da madara a 'yar leda, wanda ya tsallako teku ya zo ƙasar da kowace gona gyaɗa ce. Ba kowa ake ba ba. Akwai ɗan siririn tef mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Kore, lafiya. Rawaya, a je gida da nasiha. Ja, wato ƙasa da santimita sha ɗaya da rabi, shi ne ake yanka wa kati a riƙa ba shi ledojin duk sati.

"Katan ɗin ledojinmu kaɗan ne," in ji Sista. "Masu sa ido daga sama suna zuwa ba sallama su sake auna yara. In suka samu ɗan rawaya da kati, sunan wanda ya auna za su duba. Ni kuma ba na sa hannu a littafin mai ha'inci. Ka gane ko, Baba?"

Ya gane. Har ma ya ji daɗi, abin kunya. Karon farko ke nan tun rufe masaƙa da aka miƙa masa abin da ya fi kowa iyawa. Bai taɓa rage wa mai saye ɗan yatsa ba, bai taɓa ƙara masa ba. Ya riƙe tef ɗin nan kamar alƙali, ba ya ja, ba ya saki.

Wata Laraba kwanon magariba ya zo da cinyar kaza a kai. Inna ta biyo kwanon da kanta ta tsaya a bakin zaure.

"Saude ta zo daga ƙauyen Turawa, autata. Gobe za ta kai maka maigidana ka duba shi. Nuruddeen. Ragon miji ne, ya ƙi ci ya ƙi ƙiba."

"Allah ya ba shi lafiya, Inna."

"Amin. Ci naman tun da zafi."

Ya ci. Ya tsotse ƙashin ma, yana tunanin mutanen karkara akwai karamci.

Washegari Saude ta iso gabansa wajen ƙarfe sha ɗaya. Ba ta wuce ashirin da biyu ba. Ta kwance goyon ta ɗora a cinya. Yaron wata goma sha huɗu, kai babba, gashi ja-ja, idanu kamar na dattijon da ya gaji da zance. Abdulmumini ya zagaya tef. Sha ɗaya da ɗigo shida. Rawaya, da kaurin zare ɗaya.

Turai, matar da take yanka kati a teburin gefe, ta yi tari.

"Kawu, ka sake dubawa," in ji Saude a hankali.

Ya sake. Ya lanƙwasa hannun, ya nemo tsakiyar damtse yadda littafi ya ce, ya sake na uku. Turai ta kuma yin tari har da buga ƙirji. Ya ɗago ya hango Sista ta taga tana danna waya, durowar nan a gefen gwiwarta.

"Bai kai ba," ya ce. "Ki riƙa ba shi kunun gyaɗa mai kauri, da wake, da ƙwai in an samu. Ki dawo bayan sati biyu a sake aunawa."

Saude ta dube shi kamar ya ce ta riƙa ba shi tuffa.

"In ya kai jan za a ba shi?"

"In ya kai, za a ba shi."

Ta mayar da goyonta, ta yi godiya, ta tafi.

Da aka tashi, Turai ta same shi yana wanke hannu a bakin randa.

"Baba, na yi tari har maƙogwarona ya kusa tsagewa. Tef ɗin nan ƙarfe ne? Duk wanda ya taɓa riƙe shi, in yaro ya zo bakin layi, ɗan ja yake yi kaɗan, shi ke nan, ya faɗa ja."

"Masu sa ido fa?"

"Rabonsu da nan tun ina goyon Bahijja. Bahijja yanzu ita take kai kanta Islamiyya."

"To me ya sa Sista ta ce..."

"Don katan ba ya isa, dole a hana wasu. Ita 'yar gari ce, duk wadda ta hana yau gobe za su haɗu a gidan suna. Shi ya sa ake ba baƙo. Ka yi satukanka, ka kwashi baƙin jinin ka tafi da shi Kano." Ta goge hannu a zani. "Amma ko baƙin ma suna da ido. Jikan matar da take ciyar da kai, Baba."

Ya shiga ofis ya ce wa Sista yana ganin ya yi kuskure a awo ɗaya, ko za a gyara. Ta jawo rajista ta duba.

"Da biro ka rubuta. Sau nawa ka auna?"

"Uku."

"Sau uku, gwani guda. Yanzu so kake in ga gogewa a rajistata? Wanne zan yarda da shi, na safe ko na yamma?" Ta ɗora hannu a kan durowa, ba ta buɗe ba. "Ka yi tunani dai."

Ya yi tunani. Ya tuna Ikilima da yara biyar, ya tuna ajin da zai koma ya zauna da ƙannen waɗanda ya fara da su. Ya ce wa kansa sati biyu ba shekara ba ce. Hankalinsa ma ya yarda, don hankali bawan mai shi ne.

A gida babu abin da ya canja. Tuwo ya zo da magariba. Da safe Inna ta amsa gajiya, ta amsa ruwa, ta amsa shuka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sai dai ya koma Malam Abdulmumini, cikakke, har ƙarshe.

Ranar Alhamis ta biyu Saude ce ta farko a layi. Tun kafin ta gama kwance zanin ya san ba ya bukatar tef. Ya zagaya duk da haka. Goma da ɗigo takwas.

"Kawu, ya kai?"

"Ya kai."

"Alhamdulillahi." Ta gyara wa yaron hula. "Matan layi ne suka ce in rage masa kunun, kwana goma kawai, zai sauka. Na rage. Sai kuma gudawa ta shigo. Ita ban san da ita ba."

Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin hanya. Turai ta yanka katin ba ta ɗago kai ba. Aka yaga leda ɗaya don a gwada cin yaron, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Saude ta lakato da yatsa ta kai masa baki. Ya kau da kai. Ta sake, ta yi masa wasa, ta kira shi angon Inna. Gyaɗar ta tsaya a leɓensa, bai ko lasa ba.

Sista ta fito ta duba ido, ta ja fatar ciki, ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti, yau yau. An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe. Aka samo mai babur, Saude ta hau da goyo, katin a hannunta, ledar da aka yaga a ƙulle a bakin mayafi don kada ta lalace.

Ranar Asabar da hantsi aka dawo da shi a naɗe.

A gidan Inna aka yi zaman makoki, kuma tabarmar maza a ƙofar zaure aka shimfiɗa ta, daidai bakin ɗakinsa. Ba shi da wurin fita sai ta cikinsu, ba shi da wurin zama sai a cikinsu. Kwana uku yana karɓar gaisuwa tare da masu gida. Duk wanda ya zo sai ya miƙa masa hannu ya ce ya haƙuri, shi kuma ya ce da godiya. Babu wanda ya ɗaga masa murya. Sau ɗaya kawai ya ji wani dattijo daga Turawa yana tambayar na kusa da shi wane ne wannan, aka ce masa mai awon ne. Dattijon ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi.

Ya shiga ciki ya durƙusa gaban Inna. Ya shirya magana tun daga zaure, amma da ya buɗe baki sai ta riga shi.

"Kwanansa ne ya ƙare, Malam Abdulmumini. Allah ya ba mu haƙuri. An kai maka abinci kuwa?"

"An kai."

"To madalla. Ka ci. Baƙo ba ya zama da yunwa a gidan nan."

Sauran satukan ya yi su yana auna yara ranar Alhamis, don ba a karɓe tef ɗin ba. A kasuwa masu tumatir suna amsa gaisuwarsa suna kallon wani wuri.

Ranar ƙarshe Sista Sadiƙa ta kira shi ofis. Littafinsa yana kan tebur, a buɗe a shafin ƙarshe, hatimi a gefe. Kusa da shi akwai wata takarda.

"Baba, sai wannan. Duk yaron da ya rasu yana da katinmu, ana cike masa fom a aika sama. Wanda ya auna shi ne yake cike dalili." Ta nuna layin da bakin biro. "Rubuta: uwa ta makara wajen kawo yaro."

"Ba ta makara ba, Sista. Ta zo. Ni na mayar da ita."

"To rubuta hakan." Ta jingina da kujera. "Rubuta ɗalibi ya mayar da yaro gida ya mutu. Sai su aiko a yi bincike, su rubuta wa makarantarku, ni kuma in ajiye littafin nan har a gama. Bincikensu yakan ɗauki shekara. Ni ba inda za ni."

A waje Turai tana share rumfa. Ana jin tsintsiyar tana zuwa tana komawa.

"Saude ba za ta taɓa ganin takardar nan ba," in ji Sista da murya mai taushi. "Ko ta gani, ba ta karanta Turanci."

Ya karɓi biron. Rubutunsa mai kyau ne, tun firamare ake yabonsa. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, bai fita daga layi ba, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Ta duba ta gyaɗa kai. Ta jawo littafinsa ta yi rubutu layi biyu, ta hura wa hatimin iska ta buga.

"Allah ya ba da sa'a, Baba. Ka gaida mutanen Kano."

Ya ce za su ji. Ya tsaya ya riƙe littafin a buɗe da hannu biyu har tawadar ta bushe, sannan ya rufe.