Ƙauyen da Serah Ta Haddace

Malam Yoila ya daɗe da barin koyarwa, amma duk Asabar masu neman shiga jami'a suna taruwa a gidansa a Gomari yana yi musu gwajin Turanci. Ranar nan ya ce kowa ya rubuta insha'i a kan ƙauyensu.

Dukansu, har da Serah, ƙauye ɗaya suka kawo masa, mai kogi mai sanyi da mutane masu fara'a. A ɗan littafin da ake sayarwa a kasuwa suka haddace shi.

"Serah, yaushe aka kai kogi garinku?" in ji shi. "Na san wurin. Rubuta mini na gaskiya."

Bara Serah ta faɗi a Turanci, kawunta da ke biya mata kuɗin jarrabawa kuma ya ce daga bana ba ƙari. Ta ɗauki biro. Ta rubuta cocinsu da ya rage ba rufi, da gonar gyaɗar da suka bar gawar babanta a ciki ranar da suka gudo. Daga nan ta kasa ci gaba. Lokaci ya cika tana da rabin shafi.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ɗalibi bai taɓa ba shi rubutu mai kyan wannan ba. Ya kuma san rabin shafi ba ya cin jarrabawa.

"Baba, ya yi?" ta tambaya.

Ya miƙa mata takardar bai dube ta ba. "Ajiye wannan a gida, 'yata. Ranar jarrabawa ki rubuta musu kogin."