Jiƙaƙƙen Alli

Shekara goma sha biyu Malam Nouhou ya yi yana koyarwa a Damagaram. Yau ga shi a Amurka, a wata sakandare ta bayan titin Gate City Boulevard, aikinsa shara da goge alluna. Bai taɓa ƙorafi ba, inda Allah ya ajiye abincin mutum can yake ci.

Ran Laraba bayan an tashi, ya tarar da 'yarsa Malika a gaban allon baranda, ta cika ta yi fam. An raba wa 'yan ajin zane allo ɗaiɗai: wanda ya fi kyau a bar shi har hutu, sauran a goge ran Juma'a. Mai gogewar kuwa shi ne. Ƙofar gidan kakarta ta zana daga wani tsohon hoto, da zankwaye da adon bango, amma duk wanda ya gifta da jaka sai ya kwashe rabin allin. Malam Nouhou ya dubi ƙofar mahaifiyarsa, wadda rabonsa da ita shekara tara, ya san ba zai iya sa mata tsumma ba.

Ya dama sukari da ruwa a kofin shayinsa, ya tsoma alli ya jiƙu.

"A lakwal, makarantarmu ta can gida, haka muke rubuta abin da ba mu so ya goge. Bi kan layukanki."

Ta bi. Layukan suka fito dishi-dishi, kamar ba a yi ba.

"Baba, it's ruined. Ba a ganin komai."

"Ku 'yan nan komai sai microwave. Bar shi ya sha iska."

A baki ne kawai ya dake, a ciki tsoro yake ji, don bai san halin allin Amurka ba. Yana ta share wurin da ya riga ya share, yana satar kallo. Can sai ƙofar ta fara fitowa fari fat, zanko bayan zanko. Malika ta goga yatsa, ko gezau. Ta yi dariya, ta ce ashe Baba ya san kan abin.

Ran Juma'a malamar zane ta liƙa 'yar takarda a gefen allon Malika: kada a goge. Malam Nouhou ya wanke alluna goma sha ɗaya yana 'yar waƙarsa. Da ya iso na ƙarshe, na Malika, ya ajiye bokiti, ya gyara hula, ya yi sallama a bakin ƙofar a hankali.