Kujerar da Mai Walda Ya Kai Ofis

Mai walda ya hau benen ma'aikatar da kujerar ƙarfe a kafaɗa, fentinta ko gama bushewa bai yi ba. Autansa da ke aiki a ɗakin kwamfuta ya ci gurbin da ake ba ƙananan ma'aikatan gwamnati, zai je ƙasar waje ya yi shekara yana aiki da ƙwararru. Shi kuwa a tsarinsa, wanda ya yi wa ɗanka hanya ba a gode masa ta waya. Takawa ake yi, da abu a hannu.

Sakatariya ta ce darakta na taro da baƙi. Ko kallonta bai yi ba, ya tura ƙofa da ƙafar kujerar.

"Yallaɓai, ni ne uban yaron nan na kwamfuta. Godiya na zo yi, ka tura min ɗa waje. Ga wannan, da hannuna na ƙera."

Darakta ya zare tabarau. "Waje ina?"

"Ƙasar waje mana! Ku manya ba ku son a faɗi alherinku."

Can ƙarshen tebur mai walda ya hango Auta, baki buɗe kamar wanda lantarki ya ja. Yaron ya taso ya janye shi zuwa baranda.

"Baba, ka kashe ni! Darakta bai sani ba, a ɓoye na nema. Sai ya sa hannu za a sake ni. Bara wata ta ci, ya hana ta, wai wa zai riƙa gyara masa intanet. Jira nake ya yi tafiya, mataimakinsa ya sa min."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Ban ce kada ka gaya wa kowa ba?"

"Ai maƙwabta na ɗauka kake nufi!"

Mai walda ya zauna a kan matakala yana salati. Shi da bai taɓa roƙon kowa ba, ya cire hula ya miƙe zai koma ya durƙusa.

Sakatariya ta tare shi. "Tsaya, Baba. Saurara."

Muryar darakta ce ke fitowa ta ƙofar da ba ta rufu ba. "Mu nan haka muke, yaranmu ba ma danne su. Ni na matsa masa ya nema." Sai tafi ya ɓarke.

"Daga hedikwata baƙin suke," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Yanzu ko hannunsa a karye yake sai ya sa."

Mai walda ya dubi ƙofar. Sannan ya mayar da hularsa.

"Auta, wadda aka hana bara, tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Ce wa ubanta ya biyo ta shagona. Akwai sauran ƙarfe."