Faifan Da Ya Daina Maƙalewa

Ablawa ta sake dukan kafaɗar ɗan acaɓan suna tsakiyar gada.

"Kai, mara lafiya ka ɗauko ne? Murɗa mana."

"Tanti, dubi gabanki. Ta saman motocin zan bi?"

Ta duba. Gadar ta cika maƙil, rigunan 'yan acaɓa ruwan ɗorawa har bakin kasuwar Dantokpa ta birnin Kwatano, kowa na danna hon kamar shi zai buɗe hanya. Ta gyara zaman ƙafarta ta dama, wadda tun daga unguwarsu ta Akpakpa gwiwar ke mata zugi, ta ja tsaki. Da la'asar ɗin ranar za a yi bikin cikarsu shekara arba'in da aure ita da Anatole. An kafa rumfa, an toshe layi, an ɗinka anko, tukwane na kan wuta. Amaryar kuwa ga ta a bayan babur da zanen aiki, tana warin albasa, tana bin sawun wani faifan sidi.

Faifan ba irin na kasuwa ba ne. Kiɗan wasu makaɗan Porto-Novo ne da suka watse tun kafin a haifi 'yarsu Senami, kuma su ne suka yi wasa ranar da Anatole ya fara miƙo mata hannu a filin rawa. Wani abokinsa ya juye masa daga kaset, ambaliya ta ci kaset ɗin, abokin ma ya riga mu gidan gaskiya. Duk Kwatano babu na biyu. Kuma duk wanda ya taɓa zama a falonsu ya san aibinsa. A tsakiyar waƙa ta uku, daidai inda mai ƙaho zai tashi, sai ya maƙale, ya yi ta ta-ta-ta-ta gwargwadon a shanye kofin ruwa, sannan ya yi tsalle ya ci gaba.

Baƙi dariya suke yi, Ablawa kuwa godiya take wa Allah. Shekarun baya ɓarin jikin Anatole na hagu ya shanye, kuma da wannan waƙar ya sake koyon tafiya, daga kujera zuwa taga, yana riƙe da ƙugunta. Duk sanda faifan ya maƙale sai su tsaya cik suna riƙe da juna, shi yana zagin faifan, ita tana taya shi. Ta san a nan ƙafarsa ke hutawa. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba, don Anatole, tsohon akawun tashar jiragen ruwa, ya gwammace ya faɗa kwata da a ce masa sannu, zauna. Ga shi ya yi alkawari a gaban 'yan coci cewa yau zai buɗe fili da matarsa ba sanda.

Da safen nan ta buɗe gidan faifan ta tarar wayam. Senami na gyaran kifi, ta ɗago da murmushin wadda ta yi abin kirki ta ce, "Maman, jiya na kai shi gyara wajen Gildas. Yau ba za mu ji kunya a gaban mutane ba."

Shagon Gildas yana bayan masu sayar da rediyo, hawa ɗaya sama. Ablawa ta hau matakalar tana dafa bango. A tsakiya ta tsaya ta karanta tallan wani maganin basir daga farko har ƙarshe, ko da yake ba ta da basir.

Mutumin ya haura hamsin, da tumbi, da tabarau a goshi. Abokan sana'arsa duk sun koma sayar da waya, shi ya ƙi, yana nan cikin faya-fayai har rufi.

"Kai ne mai goge faifai?"

"Likitan faifai, Tanti. Mai gogewa yana bakin titi da takalma."

"'Yata ta kawo maka wani jiya. Babu rubutu, sai ɗigon jan farce a tsakiya."

"Ah, na mai ƙaho. Kin zo a kan gaɓa." Ya nuna wani inji a kan tebur, kamar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, yana gurnani a hankali, ruwa na ɗiga cikinsa daga wata kwalba ta siririn tiyo. "Ga shi nan a zagayen ƙarshe."

"Kashe."

"Na'am?"

"Na ce ka kashe."

"Tanti, in na kashe yanzu da yana a fuskarsa zai fito, kamar idon tsohuwar tunkiya, ba abin da zai karanta shi. Ai an gama tiyata. Soso na farko mai kaushi shi ke cinye karcewar, na biyu ya daidaita, wannan na ƙarshen da farin mai shi ke dawo da ƙyalli. Sa'ar da kuka yi ma ta ƙasa ya karce. Da ta sama ne, sai dai ku yi masa jana'iza."

Ablawa ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba.

Injin ya yi shiru. Gildas ya ɗaga murfin, ya ɗauko faifan da yatsu biyu, ya goge shi da ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ya ɗaga shi wajen taga. Ta hango fuskarta a ciki tar, har da gumin goshi. Ya zura shi a na'ura, ya tsallaka zuwa waƙa ta uku, ya harɗe hannuwa a kan tumbinsa yana jiran yabo.

Ganga ta shiga, jita ta bi. Da aka zo wurin, jikin Ablawa ya tsaya da kansa, amma ƙahon bai tsaya ba. Ya tashi, ya yi sama, ya yi ta tafiya, ya lanƙwaso ya sake hawa. Ta manta ma akwai wannan busar a ciki, faifan ya daɗe yana tsallake ta. Abin haushin shi ne tana da daɗi, daɗin da ya sa idonta ya ciko. Kuma doguwa ce. Ta auna tsawonta da ƙafar Anatole, ta ga ba zai kai ƙarshenta ba.

"Mayar masa da ita."

"Da me?"

"Karcewar."

Gildas ya sauko da tabarau daga goshi ya sa a ido don ya dube ta da kyau. "Tanti, an kawo min faifan da jariri ya tauna. An kawo min wanda aka ɗora tukunya a kai. Amma yau na fara ganin mai lafiya an kawo shi a ji masa ciwo."

Nan ta faɗa masa. Abin da ba ta faɗa wa 'yarta ba, ba ta faɗa wa fada a coci ba, ta zazzage wa mai gyaran faifai, watakila don bai san Anatole ba. Gildas ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Shi ya sa," ya ce a hankali. "'Yarki ta ce babanta ya hana kowa taɓa shi, sato shi ta yi."

"Ka ji ko?"

"Bari mu gwada a kan wasu."

Ya jawo kwalin faya-fayan da masu su suka manta, ya zaro ƙusa daga bango, kalanda ta faɗo. Ya runtse ido ɗaya kamar mai yanka ɗansa, ya karce na farko. Ya sa, faifan ya yi kiɗansa sumul bai ko yi tari ba. Ya karce na biyu da ƙarfi, na'urar ta tofo shi waje. Na uku ya maƙale, amma tun a gaisuwar mawaƙi, kuma bai sake motsi ba. Kafin nan maƙwabta sun cika ƙofa, don labari ya zaga cewa Likita ya haukace yana kashe marasa lafiyarsa.

"Ba da ƙusa ake yi ba, da yashi ake yi," in ji mai sayar da batir.

"Ku ba jikana," in ji mai sayar da lemo, "kafin ku ƙifta ido ya gama da shi."

"In ya so ku ba matata," in ji wani daga baya, "ita ko tukunyar ƙarfe ce sai ta karce ta."

Ablawa ta yi dariya ba ta shirya ba, har da riƙe ciki. Gildas ya ajiye ƙusar ya share gumi.

"Tanti, cirewa na iya, sawa ba aikina ba ne. Waccan shekaru ne suka yi ta. Kuma naki ya ƙara sirancewa yanzu. In na kai masa ƙusa, ko ya tsaya inda ba kya so, ko ya mutu ɗungurum. Me zai hana ki ce wa mai sa kiɗa ya ɗan tsayar in an zo wurin?"

"A gaban jama'a? A tsayar wa Anatole kiɗa? Ba ka san shi ba."

Wayarta ta yi ƙara. Senami ce.

"Maman, ina kika shiga? Mai ɗaurin kai ta zo tun ɗazu. Na ma gaya wa Papa an gyara faifan."

"Kin gaya masa. Me ya ce?"

"Ya shiga ɗakin ajiya ya kulle ƙofa, sai motsi nake ji."

Ablawa ta kashe wayar, dariyar ta bar fuskarta. Ta hango shi a zuciyarta cikin duhu tsakanin buhuna, shi kaɗai da tsoronsa. Ta karɓi faifan ta naɗe a gefen zane. A nan ta yanke shawara: in faifai ya ƙi tsayawa, ita za ta tsaya. Za ta sa a yi mata ɗaurin kai sako-sako, in an zo wurin ta taɓa shi ya zame, ta tsaya gyarawa. Matan layinsu za su yi shekara suna cewa tsufa ya kama Ablawa a fili. Ta ji zafin hakan tun kafin ya faru, don ita ma ba baya ba ce wajen girman kai. Amma gara a ce ita ce.

A bakin ƙofa ta juyo. "Ka zo da la'asar ka ga ɓarnar da ka yi. Akwai kifi."

Da la'asar layin ya cika. Jan tuwon masara da soyayyen kifi sun zaga, zoɓo ya zaga, abin da ya fi zoɓo ƙarfi ma ya zaga ta bayan kujeru. Anatole ya miƙe cikin ankonsa, takalmi na ƙyalli, ya miƙa wa Senami sandarsa kamar mai ba da ajiyar laima. Ya tako ya tsaya gaban matarsa ya miƙo hannu.

"Madam, ko an riga ni?"

"Wani ya tambaya, na ce ina jiran wani tsoho."

Ganga ta shiga, jita ta bi. Suka fara takawa a hankali, gaba, gefe, baya, jama'a na tafi. Ablawa na murmushi, amma gada da matakala sun gama da gwiwarta, kowane taku kamar ana soka mata tsinke. Ba ta kula ba, kunnenta na kan kiɗa. Da ta ji ƙahon ya matso, ta ɗaga hannu za ta kai kan ɗaurin.

Anatole ya cafke hannun a sama. Ya jawo ta jikinsa, ya zagaye ƙugunta da hannu tamau, ya kai baki kunnenta.

"Kar ki tsaya, Abla. Saki nauyinki a kaina, ba wanda zai gane."

"Nauyin wa?"

"Gwiwarki. Na san a nan take hutawa. Tun safe nake gwadawa da buhun masara, kuma ya fi ki nauyi."

Ta ɗago ta dube shi. "Gwiwata? Ƙafarka fa?"

"Ƙafata tun bikin Ista na bara ta daina neman hutu."

"To me ya sa ka hana a taɓa faifan?"

"Wa ya isa ya ce miki zauna?"

Ƙahon ya tashi. Ablawa ta buɗe baki za ta ce lafiyarta ƙalau, gwiwar ta soke ta, sai ta rufe bakin ta saki jiki. Ya ɗauke ta. Ƙafarta ta dama da ƙyar take shafar ƙasa, tasa ta hagu kuwa, wadda ta daɗe tana yi wa gadi, tana kafe daram. Ya juya da ita sau ɗaya, ya sake juyawa. Ɗaurin da aka yi sako-sako ya zame da kansa ya faɗi, furfurarta ta fito fili, mata suka ɗauki guɗa, wata ta cire mayafinta ta shimfiɗa musu a ƙasa. Senami na tsalle da sandar babanta a sama. Can gefen rumfa Gildas, da kan kifi a hannu, yana zungurar wani baƙo da gwiwar hannu yana cewa, "Ka ji wurin nan? Ni na gyara."

Ablawa ta kifa fuska a kafaɗar mijinta tana dariya, hawaye na jiƙa masa sabon anko. Farin ciki ne ya cika ta, da ɗan haushin an riga ta wayo.

"Buhun masara," ta ce.

"Shi bai taka min ƙafa ba."

Ƙahon ya lanƙwaso, ya sake hawa, sannan ya sauka, ganga ta karɓa. Zugin ya lafa, ta ji za ta iya taka ƙafarta yanzu. Hannunsa na nan a ƙugunta bai sassauta ba. Ba ta gaya masa ba.